An Sa wa 504 Injin Toyota, Allurorin Dashbod Sun Rikice: Ta Ina Za a Fara?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Peugeot 504 wagon da na gada daga mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Injinta ya buga, sai aka ba ni shawara na sayi injin Toyota ɗan Beljiyam, 2RZ mai injekta na HiAce, aka ɗora mata shi da giyabos ɗinsa. Mota tana tashi lafiya, tana ja sosai. Amma allurar zafi ba a minti biyar sai ta haye ja, alhali lagireto bai tafasa ba. Allurar gudu ba ta motsi ko kaɗan. Fitilar batir ba ta kawowa idan na murɗa makulli. Gejin mai kuwa ya taɓa nuna mini rabi, mota ta mutu a hanya babu ko ɗigo a tanki. Mai wayarin ya ce a cire dashbod ɗin a sa na HiAce. Ni ba na so, don haka Baba ya bar ta. Akwai mafita? Nakan je Abuja da ita." Daga wani mai karatu a Bukuru.

Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Abin da kake tambaya shi ne ko tsofaffin agogunan 504 za su iya faɗin gaskiya game da injin da ba nasu ba. Za su iya, kuma ba sai an taɓa fuskar dashbod ɗin ba. Ina tare da kai a kan ƙin cire shi. Na HiAce ba ya zama a gurbin 504 sai an yanka, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Waɗannan motoci, da Faransa ta fara fitarwa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa su a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, kullum raguwa suke yi, dashbod mai lafiya ma ya fara wuyar samu a Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos.

Ga tushen maganar. Kowace allura da ke gabanka rabin na'ura ce kawai. Ɗaya rabin yana can jikin inji, ko giyabos, ko cikin tanki, shi ne sensa mai aiko da saƙo. Masu ƙera su tare suka auna su, kamar kwaɗo da makullinsa. Ranar da aka sauke injin Peugeot, sensocin da dashbod ɗinka ya sani sun tafi tare da shi, aka jona wayoyinsu a na Toyota. Allurorin lafiyarsu ƙalau, saƙon da suke samu ne ba su gane ba. Saboda haka tambayata ta farko ga duk wanda ya kawo mini irin wannan aiki ita ce: ina tsohon injin? Idan yana yashe a gareji, je ka kwance sensar zafi daga kansa yau, kafin 'yan gwangwan su ɗauke shi.

Kafin komai, a duba at

Kada a sayi ko da waya ɗaya sai an tabbatar inji yana da at mai kyau, wato haɗin da ke tsakanin jikin inji, bodin mota da baƙin kan batir. Inji a kan roba yake zaune, wuta ba ta bi ta roba. Akwai wata waya mai kauri, sau da yawa saƙaƙƙiya, da ke haɗa shi da bodi, kuma ita ce aka fi mantawa idan an canza inji, ko a ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Mota za ta tashi duk da haka, domin wutar tana neman hanya ta kebul ɗin totur ko na gudu, har ka taɓa su ka ji sun yi ɗumi. Amma sensar zafi ta jikin inji take komawa, don haka duk wani bambancin wuta tsakanin inji da bodi, allura za ta ɗauke shi a matsayin zafi.

Gwajin ba shi da wuya. Mota tana silo, ka zuba wa allurar zafi ido, wani ya kunna manyan fitilu da fankar hita. Idan ta ɗaga nan take, matsalar at ce, domin ruwa ba ya ƙara zafi cikin daƙiƙa ɗaya. Da mitar auna wuta kuma, a sa baki ɗaya a jikin inji, ɗaya a baƙin kan batir, sannan inji da bodi. Abin da ya wuce volt 0.2 ya yi yawa. A goge wurin ɗaurin har ƙarfe ya fito fes, a sa waya mai kaurin ta batir. Shi ma dashbod yana da nasa at ɗin a baya, a duba shi.

Allurar zafi

A nan zan fi daɗewa, don ita ce mai ceton inji, kuma kai mai bin hanyar Abuja ne. Tafiya gangara ce, amma dawowa sai ka hau Hawan Kibo da kaya da iyali, wataƙila a bayan tirela, a giya ta biyu. A wurin ne ake sanin ko allura tana da amfani.

Da farko kada ka yanke cewa ƙarya take yi. Lagireton 504 ta fetur an yi shi ne don inji mai lita 2 ko ƙasa da haka, yanzu yana sanyaya mai lita 2.4, kuma rashin tafasa ba shaida ba ce, domin murfin lagireto yana riƙe ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. A nemi na'urar auna zafi irin mai kama da ƙaramar bindiga, a haska gidan tamostat lokacin da allura take kan ja. Idan ta nuna tsakanin 80 da 90, inji lafiya, allura ce ke ƙarya. Idan ta nuna sama da 100, to gaskiya take faɗa maka, maganar ta koma ta lagireto da fanka.

Injin Toyota mai injekta na wancan zamani yana da sensar ruwa guda biyu. Mai waya biyu ta birenbos ce, wato kwamfutar inji, da ita yake sanin yawan fetur da zai ba inji. Ƙarama mai waya ɗaya ita ce ta geji. Ina yawan ganin an feɗe wayar mai waya biyun an liƙa ta dashbod a kanta. Wannan ɓarna biyu ce. Birenbos yana aika wa sensarsa volt 5 ne, yana sa ran ganin kusan ohm 2,500 (ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) idan ruwa yana digiri 20, ya sauko kusan 300 a digiri 80. Da ka jona masa geji mai volt 12, lissafinsa ya lalace: mota ta riƙa shan mai, tana baƙin hayaƙi, ko ta ƙi tashi da sanyin safiyar Jos. Ita ma allura ba za ta yi daidai ba. Wannan sensa a bar wa birenbos kayarsa.

Ko da an jona a mai waya ɗayan, ba a tsira ba. Duka sensocin iri ɗaya suke aiki, ruwa na ƙara zafi ohm ɗinsu na raguwa, amma kowane kamfani da ma'auninsa. Idan ta Toyota ta sauko ƙasa da abin da gejin Peugeot yake tsammani a digiri 85, sai ya kai allura ja. Maganin da nake yi shi ne a ɗaura sensar 504 a jikin injin Toyota.

Sai dai tiredinsu, wato layukan da ake murɗa su a rami da su, ba ɗaya ba ne, Turawa da Japanawa kowa da nasa. Masu injin tana za su yi maka adafta ta tagulla, amma ka tsaya a kansu su yi ta gajeriya. Bakin sensa dole ya shiga cikin ruwan da ke gudu. Idan adafta ta yi tsawo, bakin ya maƙale a rami, iska ta taru a wurin, allura ta riƙa nuna sanyi inji yana ƙonewa. Wurin da ya dace shi ne ɓangaren inji kafin tamostat. Wasu suna yanka tiyon lagireto na sama su sa bututun ƙarfe mai ramin sensa. Yana yi, amma da sharaɗi: sai an ja wa bututun wayar at tunda tsakanin roba yake, kuma ka sani ba zai ga zafi ba sai tamostat ya buɗe. Ranar da tamostat ya maƙale a rufe, ranar da ka fi bukatar allura, ita kuma tana kwance a ƙasa. Shi ya sa ba na son wannan hanya sai babu yadda za a yi. Kada kuma a naɗe tiredin da farin tef ɗin masu famfo har ya rufe ƙarfe, domin ta nan sensa take samun at.

Akwai wata dabara da masu wayarin suke so, wadda nake roƙonka kada ka yarda da ita: a saka resisto a kan wayar har allura ta dawo tsakiya. Za ta dawo, ka ji daɗi. Amma ohm ɗin sensa ba a miƙe yake sauka ba. Can wajen zafi mai tsanani ya riga ya zama kaɗan ƙwarai, sai resiston da aka ƙara ya danne ɗan canjin da ya rage. Inji zai kai inda gasket ke ƙonewa, allura ba ta wuce tsakiya da yawa ba. Matacciyar allura ta fi wannan, don aƙalla ka san ba ka da ita, za ka riƙa tsayawa kana dubawa.

Ga yadda nake gwada su kafin a ɗaura. A cire wayar daga kan sensa, a murɗa makulli, a taɓa ta a jikin inji na daƙiƙa biyu ko uku, kada a wuce haka don kada geji ya ƙone. Idan allura ta tashi zuwa ƙarshe, geji da waya lafiya. Sannan a ɗora tukunya a kan risho kusa da mota, a rataya sensar 504 bakinta a cikin ruwa, wayar dashbod a kanta, wata wayar daga jikinta zuwa bodi. A sa ma'aunin zafi a ruwan, a ga inda allura take a 80, da inda take idan ya tafasa. Ka lura da abu ɗaya da ya shafe mu 'yan Filato: Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, ruwa a nan yana tafasa ne a kusan digiri 96, ba 100 ba. Inda allura ta tsaya a tafasar, nan ne 96 ɗinka. Riƙe wurin a ka.

Tunda mun zo nan, idan an cire wa injin tamostat, a mayar. Al'adar cire shi ta zo ne daga injinan kafireto, su ma ba gyara ba ne. Injin injekta da ba ya kai zafinsa, musamman a hunturun Jos, birenbos zai ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ya yi ta zuba mai.

Fitilar baƙin mai da ta batir

Ba ka ambaci fitilar baƙin mai ba, ni kuwa ita ce ta biyu a wurina. Nan abin da sauƙi, domin ba geji ba ce, makunni ne kawai da ke ba fitila at idan ƙarfin mai ya faɗi. Na Toyota zai kunna fitilar Peugeot ba tare da wata matsala ba, a bar shi a wurinsa a jona masa wayar. Murɗa makulli ta kawo, ta da inji ta ɗauke cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ba ta kawowa tun farko, ba ka da mai gadi ke nan, kada ka yi doguwar tafiya.

Injin Beljiyam ba wanda ya san tarihinsa, don haka nakan so a kwance makunnin sau ɗaya a ɗaura gejin gwaji a auna ƙarfin man da gaske, inji da zafinsa. Littattafan Toyota na irin waɗannan injina suna neman aƙalla bar 0.3 a silo, da kusan 2.5 zuwa 5 a juyi 3,000. A yi hankali da ramin: tiredin Japan mai layi 28 ne a inci, na Amurka 27, na Turai mai milimita 10 kuma kusan 25. A ido duk ɗaya suke, kowanne zai shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya tsaga jikin inji.

Fitilar batir kuwa, tsofaffin motoci da yawa regileta ɗinsu a waje take, a wani ɗan akwati a jikin bodi, alhali altanetar Toyota tata a ciki take. Soket ɗinta yawanci baki uku ne: IG na wutar makulli, S mai zuwa kan batir don ta san ƙarfinsa, L kuma na fitila. Mai yiwuwa naka an jona IG an bar L a sake. A cire tsohuwar regileta daga layin gaba ɗaya, a kai wayar fitila kan L. A sa mita a kan batir inji yana aiki, a ga tsakanin volt 13.8 da 14.5. Idan ya haura 15, a duba S, batir yana dahuwa.

Gejin mai

Shi ba ruwansa da inji, amma injekta tana bukatar famfo mai ƙarfi da bututun mayar da mai, don haka an taɓa tankin. Ka tambaya ko sun canza fulot ɗin, wato sensar cikin tanki mai hannun da ke yawo a kan mai. Na Toyota da yawa suna ba da kusan ohm 3 a cike, 110 a wofi. Idan gejinka yana jiran adadin da ya fi haka kafin ya ce babu, ba zai taɓa sauka ƙasa ba, abin da ya same ka ke nan a hanya. A mayar da fulot ɗin 504. Idan nasa ne a ciki, a fito da shi a sa mita, a ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama, adadin ya riƙa canzawa ba tsalle. A duba ko hannun yana karo da sabon bututu ko famfon da aka saka, sannan a raba masa at da famfo, kowa da nasa.

Allurar gudu

Wannan ita ta fi cin lokaci da kuɗi, ita kuma ta fi iya jira. Ta 504 kebul ne ke juya ta daga giyabos. A leƙa wutsiyar giyabos ɗin Toyota. Idan akwai gurbin kebul, an ci rabin aiki: a haɗa kebul mai kai biyu, ƙasa na Toyota, sama na Peugeot, a bi da shi ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, nesa da salansa. Idan soket mai waya uku ne a wurin, na lantarki ne. A wasu giyabos ɗin sensar tana kwancewa a sami gurbin kebul a ƙarƙashinta, a wasu kuma sai an sayo ɗan akwati mai mota a ciki, wanda ke karɓar saƙon lantarki ya juya kebul.

Bayan ta motsa sai maganar daidaito. Japanawa sun tsayar da juyin kebul 637 a kowace kilomita, agogunan Turai kuma kowanne da nasa adadin. Ƙaramin haƙorin da ke cikin giyabos an zaɓe shi ne don bak-aksil da tayar HiAce, kai kuwa na 504 gare ka. Sai an yi sa'a ƙwarai za su dace. Ka ɗauki wani ya riƙe waya mai GPS, ku bi titi miƙaƙƙe kamar daga Bukuru zuwa Mararabar Jama'a, ya rubuta abin da allura ke nunawa a 40, 60 da 80, ku kuma gwada lambar kilomita a kan tafiyar kilomita 10. Idan kason kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, misali 32 a maimakon 40 da 64 a maimakon 80, lambar kilomita ma ta ba da 8 a maimakon 10, to haƙori ne, a canza shi ko a sa adaftar da ke gyara juyi. Idan kilomita daidai take amma allura na kuskure ko rawa, agogon kansa ne ko kebul ya bushe. Kada a zare allura a sake dasa ta don ta dace a 80, za ta yi ƙarya a sauran wuraren.

Akwai abin da ake mantawa a nan. A Toyota da yawa na shekarun 1990, birenbos yana samun labarin gudun mota ne daga dashbod, ta wayar da ake kira SPD. Dashbod ɗin 504 ba ya ba da wannan. Alamar rashinsa ita ce mota ta riƙa neman mutuwa idan ka saki totur ka taka kulocci za ka tsaya. Ana samun ƙaramar sensa da ake sawa tsakanin giyabos da kebul, kebul ya ci gaba da juyawa, ita kuma ta ba birenbos saƙonsa. Ka kuma sa a jona maka fitilar cek-injin a kan bakin W na birenbos, ko da ƙaramin ƙwai ne a ɓoye ƙarƙashin dashbod. Da ita, idan aka haɗa bakunan TE1 da E1 a akwatin gwajin da ke cikin wayoyin Toyota, za ta ƙifta maka lambar matsala: 22 sensar ruwa, 42 saƙon gudu.

Ba kowace 504 ke da agogon juyin inji ba. Idan taka tana da shi, duka injinan silinda huɗu ne, tartsatsi biyu a kowane juyi, lissafi bai canza ba. A ɗauko saƙon daga IG mai alamar ragi a akwatin gwajin nan, ba daga wayoyin distirbuta masu zuwa birenbos ba.

Ban ga motarka ba, kuma 504 da aka yi shekaru ana gyara babu biyu da wayoyinsu suka zo ɗaya, don haka launin waya kada ka dogara da shi, mita ce za ta raba gardama. Ka nemi mai wayarin da yake aiki da mita, ba ƙwan gwaji kaɗai ba, domin ƙwan gwaji a kan wayar birenbos yana iya ƙona shi. A yi at, zafi, baƙin mai da caji a zama ɗaya kafin ka sake kama hanyar Abuja, gejin mai ya biyo baya, gudu kuma GPS ɗin waya zai riƙe ka kafin a samu kayan. Idan an ɗaura sensar 504 allura ta ci gaba da hawa ja, ka aiko mini da adadin ohm ɗinta da sanyi da kuma a ruwan tafasa, da volt ɗin da ke kan wayarta idan an cire ta, mu ga ko gejin ne da kansa ya gaji.